Ajiyar Hajiya a Kwamfutata

Idan na kunna kwamfutar nan, sai in je in yi alwala, in yi sallar la'asar, in shafa addu'a, in dawo in tarar tana nan tana juya ɗan zoben nan nata a tsakiyar fuska. In ta ga dama ta buɗe, sai fankarta ta kama ƙugi, gindinta ya ɗauki zafi har ba ta ɗoruwa a cinya. Kalma ɗaya zan buga in zauna ina jiran haruffan su fito ɗaya bayan ɗaya. Ga shi kuma ina rubuta kundin digirina na biyu, malamin da ke duba aikin ya riga ya gaya min cewa in ban kawo babin ƙarshe kafin wata ya mutu ba, sai dai in jira baɗi.

Na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwar waya. Ya daddanna, ya jira, ya sake daddannawa, ya yi tsaki.

"Hajiya, wannan ba lalacewa ta yi ba, cika ta yi. Ga kuma bairos. Wanke ta za a yi, a goge komai, ta koma yadda ta fito daga kamfani."

Na ce to ya kwashe min kayan cikin a filash tukuna. Ya girgiza kai. Ya ce bairos ɗin irin mai bin filash ne, duk abin da aka kwasa a dunƙule da shi zai tafi, da shi kuma zai dawo. Sai dai in zauna in tsinci abin da nake so ɗaya-ɗaya in tura a wayata, sauran in haƙura. Ya nuna min inda zan danna in yi wankin da kaina, na ɗauko kayata na dawo.

Abin haushin shi ne, nawa na ciki bai taka kara ya karya ba. Kwamfutar tawa ce, ni na saya lokacin da na fara aiki, amma a gidanmu na Nassarawa take kwana, saboda can akwai sola, mu kuwa a Giginyu inda nake aure wuta sai a yini ba a ga ƙyallinta ba. Kullum in na tashi daga ofis sai in biya gida, in shiga tsohon falon Baba, Allah ya ji ƙansa, in yi rubutuna, in bar ta a kan tebur in tafi. Da haka ta zama ta kowa. Ɗan kawu zai cike takardar jarrabawa, a nan. Ƙanina zai nemi aiki, ya zuba takardunsa kaf. Wata 'yar gwaggo ta juye hotunan sunan ɗanta saboda wayarta ta cika. Akwai wa'azuzzuka, akwai wasan ƙwallo, akwai hotunan fasfo na mutanen da ban taɓa gani ba, duk sun zuba min ido kamar ni na kira su. Ba wanda ya taɓa cewa, "Yaya, zan ajiye abu." Ajiyewa kawai suke yi su kama gabansu.

Na rubuta a guruf ɗin dangi. Na ce ranar Asabar zan wanke kwamfuta, duk mai ajiya a ciki ya zo ya same ni ko ya kira ni, ya gaya min da bakinsa, in cire masa. Ban yarda da saƙo ba, ban yarda da ɗan aike ba. Abin da ba a nema ba ya tafi.

Yawancinsu suka yi kunnen uwar shegu. Ƙanina ya turo hoton dariya. Kawu ya kira ni ya yi min doguwar nasiha a kan amana, wai abin da aka ajiye a hannun mutum haƙƙi ne a wuyansa. Na ce, "Kawu, amana ai wadda aka damƙa wa mutum ce ya karɓa. Wannan shara aka zuba min a ɗaki ina barci." Ya ce bakina ya yi kaifi. Na ce ya gaya wa ɗansa ya kira ni, na yi masa sallama.

Amma gaskiya ba don su na rubuta maganar ɗan aike ba. Mutum ɗaya nake nufi, kuma duk gidan an san wadda nake nufi.

Ni ce 'yar fari. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Na san al'ada ce, kada wani ya tsaya yi min bayani, a cikinta na girma. Uwa tana jin kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Sai dai matan unguwarmu sa'o'inta da yawa sun sassauta, wasu sun laƙaba wa nasu wani suna suna kira, wasu ma sun watsar gaba ɗaya. Tawa kuwa ta riƙe abin gam, har ta ƙara da nata. Ba ta yi min magana kai tsaye. Ba ta haɗa ido da ni. Ƙannena suna ce mata Umma, ni kuwa Hajiya nake cewa, yadda direba da maigadi suke ce mata. A wayarta lambar kowa na da sunansa, tawa kuwa Giginyu aka rubuta, kuma ba ta taɓa danna ta ba.

Da muna yara, duk wanda ke kusa shi ne ɗan aike: "Ku ce wa waccan ta zo ta ci abinci." Da kowa ya watse, sai ta samo wata hanya. Ina zaune a falon Baba, tana ɗakinta, tsakaninmu ɗan siririn lungu ne kawai, sai ta ɗauki waya ta kira Auta, ƙaramar ƙanwarmu da ke aure a Kaura Goje. Auta kuma ta kira ni. "Yaya, Umma ta ce abincinki yana kicin." Ina jin muryar Hajiya ta bango tana faɗa, in zauna ina jiran maganar ta je Kaura Goje ta dawo. Mutane in na ba su labari dariya suke yi. Ni na daɗe da daina dariyar.

Ajiyar Hajiya ɗaya ce a kwamfutar, kuma ta fi ta kowa nauyi: bidiyon bikin Auta. Mai ɗaukar ya rufe shago ya bar gari, faifan da ya bayar ya karce, wayar Auta da ke da kwafi an fisge ta a adaidaita. Wanda ke kwamfutata shi kaɗai ya rage. Ba don amarya Hajiya take kallonsa ba, kowa ya sani. A nan ne kaɗai Baba yake tafiya da ƙafarsa, yana magana, yana gyara babbar riga, kafin ciwon da ya kwantar da shi. Akwai wurin da ake jera dangi za a ɗauki hoto a barandar gida, ya waiga bai gan ni ba, ya ɗaga murya ya kira sunana har sau biyu, ya ce in zo. Shi Baba bai ɗauki wannan kunyar ba ko kaɗan. Ya ce shi ya raɗa sunan, shi zai kira abinsa.

Auta ce ta koya wa Hajiya inda ake dannawa. Da hantsi, in ba kowa, sai ta shiga falon ta kunna. Ita kaɗai ce a gidan ba ta taɓa ƙorafin jinkirin kwamfutar ba, carbinta take ja har ta buɗe. In na zo da yamma sai in tarar da kujerar an matsar da ita kusa da tebur, da ƙamshin turarenta a wurin.

Washegarin sanarwata wayata ta yi ƙara. Auta ce.

"Yaya, Umma ta ce a bar mata na biki."

"Ba ki karanta abin da na rubuta ba?"

"Na karanta. Amma ai wannan Umma ce."

"Na ce mai ajiya ya faɗa da bakinsa. Ga ta can a ɗakinta, ina jin tarinta. Ta taso ta gaya min. Ko ta kira ni a waya, ai tana da lambar."

Auta ta ce, "Haba Yaya, kin san ba za ta iya ba."

"Ba za ta iya ba ko ba za ta yi ba? Ban ce ta kira sunana ba ma. Ta dube ni ta ce, ki bar min. Shi ke nan abin da na nema."

"Baba ne fa a ciki."

"Na san wanda ke ciki. Ubana ne kafin ya zama naki."

Na kashe wayar. A raina na ci gaba da yi wa Auta faɗa. Ke da aka goya aka yi wa rawa, aka kira sunanki safe da yamma har da na shagwaɓa, ke ce za ki gaya min abin da Umma za ta iya? Ranar da na haifi ɗana na fari na kusa tafiya, Hajiya ta zo asibiti ta tsaya a bakin ƙofa ta tambayi nas, "Yaya mai jikin?" Ina kwance ina kallonta. An ce min wai ta kwana tana salla a kaina, na kuma yarda. Amma ni ba a gabana aka yi ba, abin da na gani shi ne ƙeyarta.

Kwanakin da suka biyo baya na zauna ina tsintar kayana ɗaya-ɗaya. Babi-babin kundina, takardun ofis, 'yan hotunan yarana. Kowanne sai kwamfutar ta yi dogon tunani kafin ta sake shi. Ɗan kawu ya kira na cire masa nasa. 'Yar gwaggo ta zo da kanta, muka ɓata yamma guda muna neman hotunan suna a cikin tarkace. Hajiya kuwa shiru. Sai dai abinci ya canza. Ran nan dambun shinkafa da zogale, washegari ɗanwake da man gyaɗa da yaji, duk abin da aka san ina so. Iya mai girki, wata dattijuwa 'yar Jigawa da ta daɗe a gidan, ita ke shigo da tire ta ajiye ta ce, "Hajiya ce ta ce a yi miki." Na ci, don ba ni da faɗa da ɗanwake. Amma na gane cin hanci ne, kuma ya ƙara ɓata min rai. Ta san abin da nake so a ciki sarai, abin da nake so a kunne ne ta hana ni.

Ranar Asabar na zo da hantsi. Na gaishe ta daga bakin ƙofa kamar kullum, ta amsa tana kallon taga kamar kullum. Na shiga falon Baba, na bar ƙofa a buɗe da gangan, na kunna kwamfuta. Na bi matakan da mai gyara ya nuna min har na kai tambayar ƙarshe, inda take cewa komai zai goge, in na tabbata in danna. Na ɗora yatsa a gefe na zauna.

Na ji takunta a lungu. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofar, carbi a hannu, mayafi a kafaɗa. Ban waiga ba, amma ina ganinta a gilashin kabad ɗin littattafan Baba. Ta dubi kwamfutar. Ta dubi bayana. Ta buɗe baki, wallahi na ga ta buɗe baki, har ta ja numfashi. Na ce a raina, faɗi mana, ko a hankali ne zan ji. Sai ta kai hannu ta gyara labule, wanda ba abin da ya same shi, ta juya ta koma.

Ba a jima ba na ji muryarta ta bango, ƙasa-ƙasa. Sai wayata ta yi ƙara. Auta kuka take yi.

"Yaya, ta ce ki goge."

"Me?"

"Ta ce a ce miki ki goge kawai, kada aikinki ya ɓaci. Ta ce ta riga ta haddace shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsallaka lungun na ɗaga labulen ɗakinta ba sallama. Tana zaune a bakin gado, Iya na ƙasa tana tsince zogale a faranti. Na tsaya a gabanta inda ba ta da wurin kau da kai sai bango.

"Hajiya, yanzu kin gwammace ki rasa Baba gaba ɗaya da ki yi min magana? Muryarsa, tafiyarsa, komai, kin yarda ya tafi don dai kada ki dube ni? Me na yi miki? Ni na ce a fara haihuwata? Na yi aure, na haihu, na fara furfura, har yanzu ni ce waccan? Kunyar me kike ji, kunyar wa? Kakannin da kike jin nauyinsu duk sun mutu. Ba kowa a gidan nan sai ni da ke da Iya."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar, kuma ba zan ce na yi nadama ba. Iya ta saki zogalen tana salati. Hajiya ta kafe bango da ido. Carbin ya tsaya a hannunta. Can ta yi magana, amma Iya ta fuskanta.

"Ni ma 'yar fari ce, kin sani. Tsohuwata har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. Ban taɓa tsayawa a kanta ina tuhumarta ba. Na san abin da ke ranta, ya ishe ni."

Na ce, "To ni bai ishe ni ba."

Na jira. Iya ta dube ni da ido tana roƙona in fita. Na fita.

Tambayar tana nan a fuskar kwamfuta tana jira. Na zauna na daɗe ina kallonta. Na so in danna, don ta ga ni ma na gaji taurin kan. Amma na gane ko na danna ba abin da zan ci. Ta riga ta zaɓa, kuma ba ni ta zaɓa ba, ba Baba ba, kunyarta ta zaɓa. In na goge, ita za ta ja carbi ta yi haƙuri, mutane su yaba mata. Ni ce zan rasa wurin nan na baranda, inda wani a cikin iyayena ya waiga ya neme ni da suna.

Na fasa. Na jona wayata na fara tura bidiyon. Ya tsaya a rabi, na sake. Ya sake tsayawa, na zagi kwamfutar, na zagi bairos, na zagi duk wanda ya taɓa zuba mata hoton fasfo. Na yi azahar yana tafiya, na yi la'asar yana tafiya, fanka na ƙugi, na sa littafi na tokare gindinta don ta sha iska. Gab da magariba ya gama. Na buɗe a wayata na tabbatar Baba na nan yana gyara riga. Sannan na koma tambayar ƙarshe na danna ba tare da na ƙara tunani ba. Wa'azi, ƙwallo, baƙin fuskoki, takardun ƙanina da bai nema ba, duk suka tafi, ko a jikina.

Na shiga ɗakin Hajiya tana kan sallaya. Na ɗauki wayarta a kan gado ban tambaya ba, na zuba mata bidiyon, na ajiye shi inda dannawa ɗaya zai buɗe. Na nuna wa Iya wurin na ce ta nuna mata. Na tafi gida ban yi sallama ba.

Kwamfutar ta warke. Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. Na sa mata lambar sirri, ƙanina ya yi fushi, na ce ya je ya sayi tasa. Na ci gaba da zuwa falon Baba da yamma ina rubutu, saboda babin bai ƙare ba kuma wutar Giginyu ba ta canza hali ba. Auta ta daina kira na kwana biyu, ina jin ta gaji da zama tsakaninmu, ta ce wa Hajiya ita kam ta ajiye aikin. Iya ma ta tafi garinsu gaisuwar rasuwa. Gidan ya rage daga ni sai Hajiya, ba mai kai magana.

Ina cikin rubutu wata yamma sai na ji an kira sunana. Da ƙarfi, sau biyu, "ki zo mana." Muryar Baba ce. Kafin in yi tunani na amsa, "Na'am," har na miƙe tsaye. Sai na ji hayaniyar biki a bayan muryar, na gane daga wayar Hajiya take fitowa. Na koma na zauna. Na ce a raina kallo take yi.

Hayaniyar ta katse. Sai ga shi kuma, daidai wurin, Baba ya sake kiran sunana sau biyu. Ta katse. Hajiya ta sake mayarwa.

Na tashi na tsallaka lungun na ɗaga labule. Tana zaune a bakin gado, waya a hannu, fuskarta na kallon taga. A kan darduma an ajiye tire, kwano biyu, cokali biyu. Ba ta dube ni ba. Ta nuna tiren da haɓa.

Na tsaya a bakin ƙofar. Duk masu rai sun ƙi aikin, ta je ta taso mamaci ta mayar ɗan aike. Na so in faɗa mata haka, na so in juya in tafi. Yatsanta na kan wayar, a shirye take ta sake dannawa in ban shigo ba, kuma na san ba zan iya jin Baba ya kira ni karo na huɗu in ƙi zuwa ba.

Na cire takalmi na zauna. Ɗanwake ne, ita ta yi da hannunta, ya ɗan yi tauri. Muka ci, tana kallon taga, ni ina kallonta.